Yaron da aka ce yana gaida mutanen ɓoye

Shekarar da aka yi canjin kuɗi, 1984, ina aji biyar a firamare, ƙanena kuma yana da wata biyar a duniya. Ɗan amaryar babanmu ne. Auta muke ce masa, ko da yake sunan daga baya ya bi shi, da aka ga uwarsa ba ta sake haihuwa ba. Yaro ne ɓulɓul mai yawan dariya, ko kaza ce ta gifta sai ya washe baki. Wata safiya ina tsugune a ƙofar ɗakin uwarsa ina shan koko, ya farka daga barci, sai na ga kansa ya faɗo gaba kamar wanda aka dungure ta ƙeya, hannuwansa sun ware sun rungumi iska, gwiwoyinsa sun naɗe zuwa ciki. Kafin ƙiftawar ido biyu ya saki. Ya yi ɗan kuka, ya yi shiru, sai kuma ya sake. Na ƙirga har sau goma sha ɗaya, na tashi na tafi makaranta ina ganin abin kamar wasa.

Ba wanda ya kira shi farfaɗiya. Farfaɗiyar da muka sani ita ce ta babban mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, yana shure-shure, kumfa na fita ta baki. Wannan kuwa ba faɗuwa, ba kumfa. Aka ce ciwon ciki ne, aka ɗura masa jiƙo. Aka ce haƙori ne ke tafe. Aka ce razana ce, a daina daka kusa da ɗakin. Wata tsohuwa a maƙwabta ta ce bugun tsuntsu ne, an bar shi a tsakar gida da almuru. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ita ce ta yanke magana. Ta zauna ta zuba masa ido har ya gama zagaye guda, sannan ta ce, "Wannan ai gaisuwa yake yi. Akwai waɗanda yake gani, mu ba ma ganinsu." Daga ranar sunan ciwon ya zauna a gidanmu: Auta yana gaida mutanen ɓoye.

Mutum ɗaya ce ta lura da abin da ya fi rusunawar muni, ita ce uwarsa. Ta yi ta cewa yaron ya daina dariya, ya daina bin ta da ido, wuyan da ya fara tsayawa ya koma yana langaɓewa. Ba wanda ya saurare ta. Hankalin kowa yana kan abin da ake gani na ɗan lokaci, ba kan abin da ke zurarewa a hankali ba.

A wancan zamani ciwo ba ya shigowa gida haka kawai, sai an nemo wanda ya buɗe masa ƙofa. Aka fara da Inna Amarya. Ta taɓa zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla? Ta shiga wanka da magariba tana da ciki? Ba ita ce ta zauna a gindin tsamiya ranar da suka je biki ƙauye ba? Duk abin da mai ciki ke yi a wata tara aka kwance shi aka baza kamar kayan wanki, ita kuma ta yi ta tuno wasu da ba a ma tambaye ta ba, tana ƙara wa kanta. Da danginta suka zo dubiya sai akalar ta juya. Ba su faɗa da baki ba. Amma ranar girkin Inna, mahaifiyata, uwargidan gidan, kwanon tuwon da aka kai musu ya dawo yadda aka kai shi, ko miyar ba a taɓa ba. Wannan ita ce matar da ta dafa wa Amarya ruwan wankan jego kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa da hannunta. Da dare na ji ta ta taga tana cewa, "Malam, in dai ni ake nufi, a kawo Alƙur'ani in dafa." Baba ya ce, "Ba wanda zai dafa Alƙur'ani a gidan nan. Ki yi haƙuri." Haƙurin ta yi, maganar kuma ba ta mutu ba, ta dai koma ƙarƙashin tabarma.

Sabbin kuɗin da Baba ya sha layi a banki kafin ya canzo, kusan dukkansu a neman magani suka tafi. An sha rubutu, an yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi, an rataya masa layu har wuyan ya gaza ɗauka. Wanzami ya zo ya yi tsaga. An yanka baƙin zakara, daga baya baƙin bunsuru. Keken Baba ya tafi, akuyoyin Amarya suka bi. Da yaron ya shekara biyu bai zauna ba, wani ya zo har zaure ya rage murya ya ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin gulbi a ajiye a juya baya, zai koma inda ya fito. Ban taɓa ganin Baba ya kori baƙo ba sai ranar.

Bayan duk wannan aka je asibiti. Wani malamin asibiti ya duba shi, ya rubuta 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, fenobabiton. A lokacin rusunawar ta riga ta sauya kama, ta zama sandarewa da jijjiga sosai, har kowa ya yarda farfaɗiya ce. Ƙwayar takan rage, takan kuma sa shi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Da an ga sauƙi sai a daina ba shi, don a saninmu magani na mai ciwo ne, ba na wanda ya tashi lafiya ba. Sai ciwon ya dawo da fushi. Da aka ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali, inda a lokacin can aka fi tura masu farfaɗiya, Baba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta rufe ƙofar da ta rage.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba maganin ba ne, zaman ne. Auta yana da kwanonsa, yana da moɗarsa da ba a tsomawa a randa. An gaya mana yawunsa ke yaɗa ciwon, wasu ma sun ce in ya saki iska yana cikin faɗuwa ka shaƙa, ka ɗauka. Saboda haka in ya faɗi sai yara su watse, manya su zo da cokali su ɓanɓare baki wai kada ya haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa, haƙoransa biyu dai sun tafi a kan cokalin. Wani da ya fara zuwa zance wurin yayarmu ya ɗauke ƙafa da ya ji labari. Ni kaina, ranar da wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ko mai faɗuwar nan ƙanena ne, cewa na yi ɗan wata 'yar haya ce. Ina da shekara goma sha uku, na kuma san abin da nake yi. Wani hunturu ya faɗa kan kaskon wuta ya ƙone a hannu. Hunturun da ya biyo, jijjiga ta kama shi bayan isha'i ba ta sake shi ba har asuba. Yana da shekara tara. Kalmominsa ba su kai goma ba, ɗaya daga cikinsu sunana ne.

Na daɗe ina ɗora abin kan jahilcinmu, har na karanta labarin wani likita Bature mai suna William James West, a garin Tonbridge na Ingila. A 1841 ya rubuta wasiƙa zuwa mujallar likitoci ta Lancet yana roƙon abokan aikinsa su taimake shi. Ɗansa ne na cikinsa, tun yana wata huɗu, yake yin wannan rusunawa, jere-jere, sau da yawa a yini, kuma yaron da ya fara wayo ya koma baya. West ya gwada abin da iliminsa ya ba shi: ya sa masa matsattsaku suka sha jini, ya ba shi maganin wanke ciki, ya tsaga masa dasashi don shi ma ya zaci haƙori ne. Ya kai shi Landan wurin manyan likitocin zamanin, ɗaya daga cikinsu, Charles Clarke, ya ce ya taɓa gani, shi yakan kira abin jijjigar sallama, saboda ta yi kama da rusunawar mutanen Gabas in suna gaisuwa. Da na kai nan sai na ajiye takardar. Likitan Landan da kakata da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, abu ɗaya suka gani, suna ɗaya suka raɗa. West ya rasu a 1848, ɗan kuma ya ƙare rayuwarsa a gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a 1860, yana da shekara 20. Har yau sunan uban ciwon yake ɗauke da shi a littattafan likitanci.

Kada kuma mu ɗauka ƙyamar tamu ce mu kaɗai. A Birtaniya sai a 1971 aka gyara dokar da ta ba da damar warware aure saboda farfaɗiya. Amma mu muna da abin da ya kamata ya hana mu. Duk ɗalibin zaure ya san hadisin baƙar matar nan mai farfaɗiya da ta kai kukanta ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta zaɓi haƙuri da Aljanna, ta roƙi addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Ibn Abbas ya nuna ta ga almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna mai tafiya a ƙasa. Ba a ce an ware mata kwano ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, a ƙwaƙwalwa ya ajiye mazaunin ciwon. Ibnul Ƙayyim ma, da masu ruƙiyya ke yawan ambato, gida biyu ya raba farfaɗiya a Zadul Ma'adi, ya bar ɗaya a hannun likitoci. Mu muka riƙe rabin maganarsa, muka saki rabin.

To, mene ne ke faruwa a kan irin waɗannan yara? Dalilan suna da yawa, amma wanda ya shafi gidanmu, kamar yadda za a gani, na ginin ƙwaƙwalwa ne, kuma tun ran gini tun ran zane. Kafin ciki ya cika wata ɗaya, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da shi, an riga an kafa harsashin ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin jijiya, waɗanda a kan babban mutum sun kai wajen biliyan 86, ba a inda za su zauna ake haihuwarsu ba. Can ciki ake ƙirƙirarsu, sannan daga wajen wata na uku zuwa na biyar ko na shida su yi ta hawowa a kan wasu siraran zarurruka zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda za su jeru sahu shida. Abin mamaki, 'yan baya su ke tsallake 'yan gaba su zauna a sama da su, abin da in ka yi a masallacin Juma'a sai an harare ka. Duk kaurin ɓawon nan bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma a nan gani da ji da magana da motsi da tunani suke. A watannin ƙarshe sai ya nannaɗe ya yi ninki-ninki, irin wanda duk mai fasa kan ragon layya ya sani.

A wannan tafiya ake samun tangarɗa. Wani yaron ƙwaƙwalwarsa ba ta yin ninkin sam, ta fito sumul kamar bayan ƙwarya, irin wannan kuwa ciwonsa ya fi tsanani. Wani ninkin ya yi yawa ya yi ƙanana. Wani kuma wasu ƙwayoyin ne dare ya yi musu a hanya, suka yada zango a tsakiya suka zauna ke nan. Akwai wanda ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwarsa ke girma ya fi ɗaya. Akwai kuma wanda komai nasa daidai, sai wani ɗan wuri da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, a gindin wani ninki, inda sahun ya hargitse. Ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki take aiki, wurin da ya hargitse kuwa kamar wayar da ta zare ce a cikin bango: tana tartsatsi, tartsatsin ya kama maƙwabta. In ya tsaya a unguwarsu, hannu ɗaya ne zai yi karkarwa, ko ido ya kafe, ko baki ya yi ta taune-taune. In ya game gari sai a faɗi. A kan jariri, wanda ƙwaƙwalwarsa ke tsakiyar koyon gani da zama da gane fuskar uwa, tartsatsin ba lokacin rusunawa kaɗai yake ba, dare da rana yake, shi ya sa koyon ke tsayawa. Abin da Amarya ta gani ke nan, lokacin da ta ce ya daina dariya.

Mai sa tangarɗar sau da yawa kuskure ne a rubutun halitta, wani lokaci a cikin ƙwaya ɗaya tak ta ɗan tayi, wanda babu shi a jinin uwa, babu shi a jinin uba. Wani lokaci gado ne, kuma akwai nau'o'in da auren zumunci ke ƙara musu hanya, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Wani lokaci cuta ce ta kama mai ciki ta ratsa zuwa ɗan, kamar yadda duniya ta gani a Barazil a 2015 da cutar Zika, lokacin da aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna. Akwai ma wani nau'i da likitan Faransa Bourneville ya bayyana a 1880, mai taurarrun kulu-kulu a ƙwaƙwalwa kamar dankali, wanda alamarsa kan fito a fata: fararen tabo masu siffar ganye. A duk jerin nan ban ga ruwan zafi a makwarara ba, ban ga tuwon uwargida ba.

An daɗe kafin a ga wannan da ido. Maganin farko mai ɗan tasiri, buromaid, a 1857 aka fara shi, ta hannun Charles Locock, wanda shi ma yana cikin waɗanda suka duba ɗan West. Fenobabiton ɗin da aka ba Auta tun 1912 yake aiki, daga Jamus. A Jamus ɗin ne kuma Hans Berger ya bayyana a 1929 cewa ana iya manna wayoyi a fatar kai a ga wutar ƙwaƙwalwa tana zana layi a takarda. A 1952 wasu mata da miji a Amurka, Gibbs da Gibbs, suka nuna cewa jarirai masu rusunawar nan zanensu hargitsattse ne, ba kai ba gindi. A 1958 likitoci biyu a Beljiyam suka gano cewa allurar wani sinadari da jiki ke yi da kansa tana tsayar da rusunawar, ta kuma gyara zanen. Wannan lissafin shi ya fi yi mini ciwo: shekara 26 kafin Auta ya fara gaisuwarsa, an san ciwon, an san awonsa, an san maganinsa, wanda ba fenobabiton ba ne. Labarin ne bai iso lungunmu ba.

Shi kuwa ɗan wurin nan mai kamar ƙwayar gyaɗa, sai a 1971 aka ba shi suna. David Taylor da likitan tiyata Murray Falconer da abokan aikinsu a Landan suka duba naman ƙwaƙwalwar da aka yanke wa mutum 10 masu farfaɗiyar da ta gagari magani, suka ga manya-manyan ƙwayoyi barkatai ba bisa sahu ba. A shekarar ce kuma, a Landan ɗin, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majiyyaci na farko da na'urar siti-sikan. Irinta ta farko ta iso Nijeriya a 1987, a asibitin koyarwa na Ibadan, Auta yana shekara huɗu, mu kuma ko labari ba mu ji ba. Ko da mun ji, ita ma ba kasafai take kama irin wannan ɗan tabo ba. Sai na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, wadda ake ce wa Em-Ar-Ai, ta bazu, sannan likitoci suka fara ganin ginin ƙwaƙwalwar yaro yana raye, ba sai a madubin likita bayan an yanka ba. Yanzu an san cewa a cikin yaran da ake yi wa tiyatar farfaɗiya, tangarɗar ginin nan ita ce abin da aka fi tararwa.

Tiyatar ma ba baƙuwar Afirka ba ce. A 1950 wani likita, Krynauw, ya ba da rahoton majiyyata 12 a Johannasbag, masu shanyewar ɓarin jiki tun ƙuruciya da farfaɗiya, waɗanda ya cire wa ɓari guda na ƙwaƙwalwa, akasarinsu kuma suka samu sauƙi, domin ƙwaƙwalwar yaro tana iya ɗaukar aikin ɓarin da ya tafi. Irin aikin da ya ɗaukaka sunan likita Ben Carson ke nan daga 1985, wanda 'yan makarantarmu ke ji kamar shi ya ƙirƙiro. A Ibadan kuwa Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa tun 1962.

A 2018 ƙanwata, wadda suke ɗaki ɗaya da Auta, ta zo gida da 'yarta mai wata shida. Inna Amarya, da ta tsufa sunan bai sake ta ba, tana riƙe da jikar, sai yarinyar ta farka ta rusuna. Ta sake. Tsohuwar ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗauko motarka. Kada a kai ta ko'ina sai asibiti." Ƙanwata ta ɗauki abin a waya muna hanya. Likitar yara ta kalli hoton bai fi minti ɗaya ba, ta ce ta gane, ta tura mu awon wutar ƙwaƙwalwa, ta fara ba ta firedinisolon, ƙwaya mai araha da ke kusan kowane kemis. Ta ce a wannan ciwon kwanaki ake ƙirgawa, ba watanni ba, duk makon da aka ɓata ana biyansa da wayon yaro. Kafin mako biyu rusunawar ta tsaya. Ranar da yarinyar ta sake yin dariya, uwarta ce ta yi kuka.

Hoton maganaɗisun sai da muka haɗa kuɗi mu huɗu, aka sa ta barci aka shigar da ita. Likita ya nuna mana da bakin biro wani ɗan wuri a ɓarin hagu, can baya, inda layin da ke tsakanin fari da toka-toka ya dushe kamar an goga yatsa a kan alli. Ni da ba a nuna mini ba, ba zan gani ba. Na ba shi labarin Auta. Ya ce yadda na kwatanta, rusunawar iri ɗaya ce, kuma ko da yake yawancin irin wannan tabo ba gado ba ne, akwai gidajen da yake bi. Ya ƙara da cewa ko gadon ne, ba wanda ya zaɓi abin da zai gada.

Ba zan ce ta warke ba. Tana shekara biyu wata irin farfaɗiyar ta ɓullo, ta kafewar ido da karkarwar hannun dama. Tana shan magani iri biyu safe da yamma, ba fashi, kuma duk da haka yakan zo jefi-jefi. Irin wannan tabo ya yi suna wajen gagarar ƙwaya. An yi mana maganar tiyata, an ce in tabon a wuri ɗaya yake kuma aka cire shi duka, fiye da rabin yaran kan rabu da faɗuwa, amma masu hali Indiya ko Masar suke nufa, mu kuwa har yanzu lissafi muke. Ta yi tafiya a makare, magana ma haka. Tana zuwa Islamiyya, malamarta ta san abin yi: a kwantar da ita ta gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a sa komai a baki, a duba agogo, in ya wuce minti biyar a nufi asibiti. A kwano ɗaya take ci da 'yan uwanta.

Kada mai karatu ya ɗauka duk yaron da ya yi jijjiga tangarɗar gini ce da shi. A ƙasarmu doguwar naƙuda, da shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau irin wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, su suka fi barin tabo a ƙwaƙwalwa, kuma su ana iya tare su. Jijjigar zafin jiki kuma, ta 'yan wata shida zuwa shekara biyar, akasari wucewa take ba ta bar komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai wajen miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, kusan kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu. Ma'ana, yawancin gidaje har yanzu a 1984 suke. Kalmar galahanga ta maye gurbin ɗan ruwa a rediyo, amma a zaure ana nan ana rage murya.

Na kai wa Inna Amarya hoton a waya, na buɗe shi da yatsu biyu har ɗan wurin ya cika fuskar wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "A wata na nawa ka ce ake yin wannan?" Na ce tsakanin na uku da na shida. Ta ce, "Ashe tun yana ciki ne." Ba jikar take nufi ba. Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Na ɗauki hakkin Yaya." Inna ta rasu tun 2009. Sun zauna gida ɗaya shekara 25 bayan kwanon nan ya dawo, suna gaisawa, suna karɓar girki, ba a taɓa tayar da maganar ba, ba a kuma taɓa wanke ta ba.

Kai mai karatu, ko ke, in jaririnku, musamman tsakanin wata uku da shekara ɗaya, yana farkawa daga barci ya riƙa rusunawa jere-jere, ko da sau uku ne, ko kuma ya daina dariyar da ya saba, ku ɗauki abin a waya, ku kai wa likitan yara a ranar, ku nemi a yi masa awon wutar ƙwaƙwalwa. Kada ku sayi ƙwayar da na ambata da kanku, tana da nata haɗarin in ba likita a kai. Addu'a kuwa a yi ta a cikin mota.